Ranar Kasuwar Habu

Daren Laraba, Birnin Kudu

Barci ya ƙi zuwa. Yau aka turo min bayanan da zan duba in ba su maki, waɗanda ke gaya wa na'urarmu ta AI amfanin kowane kayan aikinta. Cikinsu har da na Habu, abokin aikina ɗan Gwaram, wanda aka yi sadakar bakwai ɗinsa shekaranjiya.

Nasa na kiran mota ne. Ya rubuta, "A nemo wa manomi mota ranar kasuwa." Ba gari, ba rana. Haka muke magana, kowa ya san kasuwar da yake ci. Ita na'ura ba ta taɓa cin kasuwa ba. Na gwada ta da mai tumatir a Fagam, ta tsayar masa da mota ranar kasuwar wani garin. Da ba gwaji ba ne, da kayansa sun ruɓe a bakin titi.

Na ce wa shugabarmu, "Hajiya, a bar wannan yadda yake."

Ta ce, "Allah ya jiƙansa, Rabi, amma manomin yana raye."

Na ba bayanin Habu maki kaɗan, na gyara. Ina adanawa, sunansa ya ɓace daga ƙasan layin, nawa ya hau.