Ranar Ruwanmu Ta Sake Zagayowa

Assalamu alaikum, Baban Habu. Bayan gaisuwar da ta kamaci mace ga mijinta, ina fatan ƙasa ta yi maka sauƙi.

Daga bakin gadon asibiti nake rubuto maka, kuma wallahi na gaji.

Ka tuna shekarar korona, da na lallaɓa ka muka zo aka ɗebi jininka? Da ƙafarka ka shigo, kana tsokanar masu jinya. Likita ya ce sojojin jininka iri-iri ne. Masu yaƙar irin wannan cuta sun ragu ƙwarai, wasu kuma sun yi yawa. Ya ce mai irin wannan jini ciwon kan kayar da shi daga baya, ko da yau yana dariya. Ya ce ka kwana a asibiti.

Amma washegari ce ranar da ake sako wa ɓangarenmu ruwan kanal, tumatir kuma na fure. Ka saɓa babbar rigarka, ka ce, "Jikina ne, na fi kwalbar gwajin jini saninsa. In sati ya wuce ba ruwa, furen zai zube."

Ka yi ban-ruwanka tsaf. Tumatir ya yi kyau a shekarar, har daga Kadawa aka zo gani. Wasu ne suka tsinke shi, mu muna zaman makoki.

To, ga Habu, ɗan naka, mai 'ya'ya biyu yanzu. Zazzaɓi da tari. An ɗebi jini, kuma likitar yau, wadda ba ta taɓa ganinka ba, ta maimaita mini maganar nan kamar tana wurin. Ta ce ba hukunci ba ne, gargaɗi ne, kuma an gano da wuri.

Gobe ranar ruwanmu. Yana zaune yana cin tsire, yana rantsuwa ya warke. Har yadda yake saɓa riga naka ne, mai taurin kai ɗan mai taurin kai.

Ban yi masa faɗa ba, ba ni da ƙarfin faɗa. Makullin babur ɗinsa na ɗauke, na ƙulle a bakin zanena, na zauna a kai. Bari furen ya zube. Na taɓa ganin gonar nan ja wur, ban ji daɗinta ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya bar mini wannan.

Taka har gobe,
Maman Habu