Babana Ya Ƙi Taɓa Katin Bas Sau Biyu

Ibu Ningrum, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Babana, Pak Darsiman, kwandasta ne tun kafin a haife ni. A ƙofar bas ya tsufa, yana lilo da hannu ɗaya, ɗayan cike da canji. Da aka kawo manyan motocin nan na kati a Jakarta, aikinsu ya mutu, shi kuwa bai yafe wa katin ba har yau.

Yanzu ciwon ƙoda ya kama shi, Litinin da Alhamis ake yi masa wankin ƙoda a asibiti. Ni ɗinki nake yi a masana'anta, da asuba nake fita, ba ni da halin raka shi. Na saya masa kati, na nuna masa ya taɓa a na'ura in zai shiga, ya sake taɓawa in zai fita. Ashe na biyun ba ya yi. Wai shi bai taɓa karɓar kuɗin fasinja sau biyu ba, ba kuma zai bari akwatin ƙarfe ya yi masa sata da rana tsaka ba. Sai ya manne wa bayan wani ya sulale. Ranar da zai koma asibiti kati ya kulle, ƙofar tasha ta ƙi buɗuwa, jar wuta tana ta ƙara, 'yan ofis a bayansa suna tsaki. Wani yaro ma ya ce kaka ya matsa, in ba shi da kuɗi ya hau ƙafa. Baba ya juyo gida, da yamma ya ce min an yi wanki lafiya lau.

Sai da asibiti suka kira ni na san ya tsallake wanki biyu. Na duba ƙafafunsa, sun kumbura har silifa ba ya shiga. Ibu, tsoro ne ya rufe min ido. A gaban maƙwabta na ce masa mutum ya ƙare rayuwarsa a ƙofar bas amma shiga bas ya gagare shi. Tun ranar ko kunun shinkafar da na dama ba ya sha. Jibi Alhamis. In na raka shi aikina na iya tafiya, in na bar shi ban san abin da zan tarar ba.

'Yar Kwandasta, Cakung

'Yata, ajiye maganar kati tukuna. Kar ki jira Alhamis. Yau ki kira asibiti ki faɗi kumburin nan, in sun ce a kawo shi, ki ɗauki hayar mota. Ki je wa shugabarku da takardar likita ki nemi rana ɗaya. Aiki ana samun wani.

Tsoronki yana kan hanya, amma bakinki ya yi kaifi. Shi ma ya yi kuskure babba da ya ɓoye miki, sai dai ba rashin wayo ba ne. An muzanta shi a wurin da a da muryarsa ce doka, ke kuma kika ƙara. A gaban maƙwabta kika faɗa, to a gabansu za ki ba shi haƙuri.

Sannan ki yi masa bayani da harshen sana'arsa. Ki tuna masa yadda fasinja ke ƙwanƙwasa ƙarfen mota da kwabo in zai sauka. Taɓawa ta biyu ita ce wannan ƙwanƙwasar, ba sabon biya ba ce. Ku je tasha ranar Lahadi da babu cunkoso, ma'aikaci ya buɗe katin, Baba ya ga abin da ya rage a ciki kafin fita da bayan fita da idonsa. Ki kuma nemi wani cikin tsofaffin abokan aikinsa ya riƙa raka shi, zai fi jin nasu.

Mutumin nan ya sha riƙe hannun iyayen wasu su hau mota, bai taɓa yi musu gori ba. Ki riƙe nasa haka. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya zukatanku.

Ibu Ningrum