Garba Ya Karɓi Yabon Biriyanina

Laraba da dare, Yamai

Ƙafafuna sun kumbura, amma barci ya ƙi zuwa. Tun asuba nake tsaye a kicin, don a otel ɗin nan ba a kashe wuta sai baƙo na ƙarshe ya tashi.

Yau baƙin gwamnati suka ci biriyanina, dafa-dukan shinkafar nan ta Indiyawa. Shekara bakwai na yi a gidan Ba'indiye a Kano kafin na iya ta. Na liƙe bakin tukunya da kwaɓaɓɓiyar fulawa, na bar wa mataimakina Garba ya duba wuta, na tafi azahar. Ina salla suka ce a kira kuku. Garba ya ɗauki farar hulata ya fita, ya ce shi ya dafa.

Garba! Ni na ɗauko shi daga Damagaram, a ɗakina na unguwar Kalle yake kwana.

Mai otel ta ce daga gobe shi ne shugaban kicin. Na buɗe baki, ta ce, "Idi, ban da hassada."

Gaskiya, ya iya wuta, bai buɗe tukunyar da wuri ba. Wannan ba zan hana shi ba.

Ɗazu ya shigo, kansa a ƙasa. "Yaya, sun ce a sake yi gobe. Kirfar nan, kafin albasa ake sa ta ko bayanta?"

Da na ce bayanta, da gobe asirinsa ya tonu.

Na ce, "Kafin." Waɗanda za su ci ba su yi mini komai ba.