Tsagar Wuyan Jita

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara.

Kar ki yi dariya, autanku ya zama kafinta. Jita nake haɗawa a bayan ɗaki, in na dawo daga kai 'yan makaranta gida. Wallahi tuƙin bas wasa ne a kan wannan aiki! Katakon gefe sai an jiƙa shi, a lanƙwasa a jikin bututu mai zafi, nawa kuwa da ya fara lanƙwasuwa sai ki ji ƙas. Gam ya cinye min wando biyu. Yanzu na kai wuyan jitar, inda ake tsaga layuka da zarto a dasa 'yan ƙarafa. Kowace tsaga tawa sai ta karkace. Kafintan layinmu ya ce haka kowane sabon shiga yake, har ya ba ni guntaye in yi ta koyo.

Ki gaida kowa.

Autanki

*

Auta,

Bayan gaisuwa, mu duk lafiya lau.

Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa, me ya haɗa ka da jita? Kuma tun yaushe ka fara kiɗa? Ni na goya ka, ba ka iya min ɓoye-ɓoye ba. Matarka ta ce min yanzu da hannu biyu kake riƙe kofin shayi, kuma ka daina cin abinci a gaban yara. Ka san da haka ciwon Baba ya fara. Ka gaya min gaskiya, don Allah.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Kin kama ni.

Hannun dama ne. Wani lokaci yana kwance a cinyata sai in ga babban yatsa yana rawa shi kaɗai, kamar ba nawa ba. A kan sitiyari nakan matse shi har ya yi tsami. Shi ya sa na fara jitar. Na ce wa kaina, in har na iya aiki mai laushi irin wannan, to gajiya ce kawai. Ga shi na rasa gane komai. In tsaga ta karkace, rashin iyawa ne ko ciwon Baba? Kafinta ya ce rashin iyawa ne, ni kuma na riƙe maganarsa gam.

Tsoro nake ji, Yaya. Na tuna yadda muke ɗura wa Baba ruwa yana zuba a ƙirjinsa. In na je asibiti suka faɗa, makaranta za ta karɓe makulli, me zan ciyar da gida da shi? Ki bar ni in gama wuyan nan tukuna.

Autanki

*

Auta,

Na gaishe ka, amma raina a ɓace yake. Katako in ya lalace a jefar, 'ya'yan mutane fa da ke zaune a bayanka kowace safiya? Ko barci ban iya yi. Ka aje motar nan, na roƙe ka.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa.

Jiya ina fama da guntayen nan, maman yara ta aje wanki ta ce, "Kawo in gwada, wai me ke cikin abin nan?" Matar da ba ta taɓa riƙe zarto ba. Ta ja layi, ta yanka, tsagar ta fita sambal. Ta sake wata, haka. Ta fara min dariya, da ta kalli fuskata sai ta aje zarton.

Yau da safe na mayar da makullin bas. Ki zo ki raka ni asibiti, ba zan iya shiga ni kaɗai ba.

Autanki