Azumin da Umma ta sa Lulu

Laraba da dare, 11 ga Sha'aban 1437, unguwar Nakkasa, Makka

Yau na mayar da zomanyata Lulu wurin likitan dabbobi a Jidda. Kwana huɗu ke nan da cire mata mahaifa, ba ta ko kallon ciyawa, fitsarin ma sai ɗigo-ɗigo. Ya ɗibi jini, ya ce ƙoda ce ta taɓu. Ya tambaye ni ko ta ci ta sha kafin aikin, domin shi zomo ba a hana shi komai, ba kamar mutum ba.

Tun la'asar ɗin jajibirin aikin Umma ta ɗauke wa Lulu abinci da kwanon ruwa, wai ita ma haka aka yi mata lokacin da za a cire mata matsarmama. Ga kuma wannan zafi na Makka. Ina gani ta ɗauke, har na yaba mata.

Ya yi mata ƙarin ruwa, ya ce sai ranar Asabar za a san ko ƙodar za ta farfaɗo. Ban yi kuka ba, gajiya kawai nake ji.

Da muka dawo, Umma ta ɗora Lulu a cinya tana ɗiga mata zamzam da sirinji. Ita ce fa da take cewa dabbar nan ƙazanta ce.

"Me duktur ya ce ya jawo?"

"Zafin gari ne, Umma."

"Alhamdulillahi da na sa ta azumin nan. Da abin ya fi haka."

Na ce haka ne. Na sake cika mata sirinjin.