Gizo-gizon Lujain

Juma'a, 3 ga Disamba

Lujain ta kira. Minti huɗu. "Baba, nawa ma'aunin zafi ya nuna? Kar ya gaza ashirin." Na ce sha tara. Ta ce in janye akwatunan daga jikin bango, sai sallama. Ni ko "ya sanyi" ban samu ba.

Wata uku ke nan da tafiyarta Jamus aikin jinya. Ban raka ta filin jirgi ba. Na ce wadda za ta bar ubanta shi kaɗai, uwarta ko shekara ba ta yi a ƙasa ba, ai ta san hanya. Na faɗa, ita kuma ta riƙe. Abin da ta bar min gizo-gizo ne guda biyu masu gashi, kowace ta kai tafin hannuna, cikin akwatunan gilashi. Sultana da Zaituna. Shekara talatin ina jan bas daga garinmu Ajlun zuwa birnin Amman, yau ga ni mai renon gizo-gizo!

Talata, 14 ga Disamba

Ƙanwata Intisar ta kawo miyar adas, ƙananan waken nan, ta tarar na mayar da murhun kananzir ɗakin Lujain. "Yaya, kanka ɗaya kuwa? Kana karkarwa a falo, ƙwari na shan ɗumi? Murƙushe su da takalmi ka huta!" Na ce ba ƙwari ba ne, ƙafa takwas gare su. Ta ce to Allah ya ba su miji nagari.

Ban gaya mata dalilina ba. Ranar da suka mutu, me kuma zai sa Lujain ta kira?

Juma'a, 7 ga Janairu

Na ji Lujain tana tari a waya. Ban tambaya ba. Ina kewarta, wallahi.

Alhamis, 27 ga Janairu

Dusar ƙanƙara har gwiwa. An ɗauke wuta tun safe, faifan ɗumin lantarkin da Lujain ta manna a gefen gilashin ya huce. Kananzir ya ƙare, motar mai sayarwa ta kasa hawo tudu. Ma'auni sha ɗaya! Na tafasa ruwa a kan gas, na cika gorar roba ta mamanta, na tura ƙarƙashin akwatin Sultana, yadda muke sa wa Lujain a ƙafa tana ƙarama. Gora ɗaya ce a gidan, don haka Zaituna na ɗora akwatinta a cinya na rufe mu da rigar fatar tunkiya. Haka muka yini. Da Intisar ta gan ni...

Asabar, 29 ga Janairu

Sultana ta mutu. Can ƙasan raminta na same ta, ta manne da gilashi, ƙafafu a naɗe. Na binne ta gindin ɓaure. Jiya babu layi, kiran Lujain na Juma'a bai shigo ba, har na gode wa Allah, sannan na ji kunya.

Juma'a, 4 ga Fabrairu

Na yi ƙarya. Lujain ta ce in haska mata su a waya, na nuna mata Zaituna sau biyu, ta gaba da ta baya. Tsoho da furfura.

Juma'a, 11 ga Fabrairu

Na faɗa mata. Tun kafin ta gaishe ni na zazzage komai, don in na tsaya ba zan iya ba.

Ta ce, "A ƙasa ka sa? Baba, in zafi ya dame su ƙasa suke haƙawa su ɓuya. Gudun zafin ta yi, ta je ta same shi." Ashe da hannuna na dafa ta, ina cewa gata nake mata. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Wace gora?" Na ce ta mamanki, jar nan. Sai na ji numfashinta ya sauya, layin ya katse.

Laraba, 16 ga Fabrairu

Ba labari. Zaituna ta fito bakin rami ta tsaya. Na yi mata magana, ban san me na ce ba.

Juma'a, 18 ga Fabrairu

Daga masallaci ko tsayawa gaisawa ban yi ba. Na zauna na sa wayar a gaba kamar mai jiran likita.

Ta kira. Faɗa ta fara: Intisar ta kai mata tsegumi wai tun Disamba babu murhu a ɗakina. "Kana so ka kashe kanka ne? Ka koma ɗakina da kwana mana, ai gado ne a ciki!" Na ce ke fa tarin nan naki? Ta ce ashe ka ji. Daga nan muka shiga rufin da ke yoyo, da wata tsohuwa da take jinya mai jifan mutane da cokali, da burodinsu da ta ce ko jaki ba zai tauna ba. Shayina ya huce ban sani ba.

Sai da ta ajiye na lura ba ta tambayi Zaituna ba. Ko sau ɗaya.

Na nemo lambarta, ban taɓa dannawa ba tun da ta tafi. Ta ɗauka a firgice: "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau, Zaituna ce ta ci gyare biyu, na ga ya kamata ki sani.