Gadar da Na Gina wa Tela

Asabar, 4 ga Mayu

Direba ya dawo daga tafiya da sabon wasa a kwali. Shekara goma sha ɗaya muna haɗuwa duk Asabar da yamma a bayan shagon Kafinta, mu huɗu, ni da Kafinta da Tela da Direba, ba mu taɓa rasa abin bugawa ba. Ban san me ya kai Direba kwaso mana wannan ba.

Allo ne mai faɗi, kogi ya ratsa tsakiyarsa, kowa na ƙoƙarin gina gada ya tsallakar da mutanensa kafin saura. 'Ya'yan katako kala huɗu, da kati kusan ɗari, kowanne da rubutu kamar ƙafar tururuwa. Katinka sirrinka ne, a nan duk dabarar take.

Suka turo mini takardar dokoki kamar kullum, wai Malam a karanta mana. Na ce na manta gilashina a gida. Yana cikin aljihuna. Direba ne ya karanta yana tuntuɓe.

Tela har wani lumshe ido yake, wai bai taɓa ganin wasa mai kai irin wannan ba. Kafinta kuwa katakon 'ya'yan yake shinshinawa. Ni na ce wasan yara ne.

Lahadi, 5 ga Mayu

Ba wasan yara ba ne. Na kwana ina jujjuya shi a kaina, ya yi kyau ƙwarai. Da shekara biyar baya ya zo, da na wanke su tas.

Likitan ido ya faɗa mini tun Janairu: abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a rage wa sauran gudu. Daga ni sai 'yata Auta muka sani. Tsofaffin wasanninmu hannuna ya haddace su, shi ya sa har yau asirina a rufe yake. Wannan littafin da nake rubutu ma, da layi biyar nake cike shafi.

Asabar, 11 ga Mayu

Na sha kunya yau.

Shuɗi nawa ne, kore na Tela. A ƙarƙashin rumfar kwanon nan duk ɗaya suke a idona. Kusan awa guda ina jera katako ina murna a ciki, ashe gadar Tela nake ginawa. Dokarmu tun fil azal, abin da hannu ya ajiye ya ajiyu, kuma ba mai tankawa. Ni ne ma na kafa ta, har na taɓa hana Direba ɗaga ɗansa yana roƙona. To ba wanda ya tanka. Tela ya tsallakar da mutanensa a kan gadata, ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri."

Direba ya yi dariya har da buga cinya. Kafinta bai yi ba. Kallona kawai ya yi, na ji kallon a jikina.

Talata, 14 ga Mayu

Auta ta ce in faɗa musu mana, ai ba sata na yi ba. Ba za ta gane ba. A teburin nan ni ne mai karanta doka, ni ne mai raba gardama. In na faɗa, na zama wanda ake lallaɓawa.

Asabar, 18 ga Mayu

Ban je ba. Na aika cewa ciwon baya. Na zauna a tsakar gida ina jin rediyo har rana ta faɗi. Haka sauran Asabar ɗin rayuwata za su kasance ke nan. Ina jin tsoro, gaskiya.

Asabar, 25 ga Mayu

Kafinta ya zo da kansa ya tsaya a ƙofa, ya ce wasan ba ya yiwuwa da mutum uku. Na bi shi don kada ya tara mini maƙwabta.

Da na ɗauki ɗan shuɗi sai na ji an yi masa tsaga biyu a ka. Duk shuɗayen haka. Kafinta ya ce wuƙarsa yake gwadawa. Sai Direba ya buɗe takarda ya gyara murya, wai ashe sun tsallake wata doka a shafin ƙarshe: duk katin da mutum ya ja, sai a baje shi a karanta da ƙarfi kowa ya ji. Tela ya karanta nasa, ya miƙo hannu ya karanta nawa, ko kallona bai yi ba.

Wasan ya mutu murus. Ba sirri, ba tarko, kowa ya san abin da ke hannun kowa. Tela da ke lumshe ido ran farko, hamma yake yau. Na zo na biyu. Ban ji daɗin komai ba.

Da zan tafi na ce a ba ni aron takardar. Direba ya dubi Kafinta, sannan ya ba ni.

Laraba, 29 ga Mayu

Auta ta karanta mini ita daga farko har ƙarshe, sau biyu. Ta ce, "Baba, babu wannan dokar fa."

Na ce na sani.

Sun kashe wasan da suke so saboda ni. Kuma idon nan ba tsayawa zai yi ba. Wata rana ko tsagar ba za ta ishe ni ba, kogin ma ba zan gani ba.

Juma'a, 31 ga Mayu

Na sa Auta ta goge mini rigar gobe. Takardar mutane ce, dole in mayar, ba wani abu ba.

Ta tambaye ni me zan ce musu game da dokar. Na ce zan ce na duba, tana nan a shafin ƙarshe.